Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi Ne

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan akwai wani magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya ke ciyar da iyalinsa da babur ƙirar Bajaj Boxer. Kullum da sassafe ya kan ɗauki fasinja da kaya daga Sabo zuwa kasuwar Bodija, wani lokaci har Ojoo. A cikin watan Yuni na 1923 ba a san wannan sana'a ba, amma a Yunin 2023 ita ce rufin asirin gidaje da dama, kuma a cikin wannan wata ne tsautsayi ya faɗa masa. An tafka ruwan sama, kwalta ta yi santsi, wata mota ta sha gabansa, ya taka birki, sai ga shi a ƙasa da karaya a cinya.

Tun yana kwance wajen mai ɗori, ƙanensa ya kai babur gareji. Aka miƙe kansa, aka sake fitila da murfin tanki, aka buge lotsewar tankin aka fesa fenti. Ƙanen ya biya kuɗin daga aljihunsa, ya kawo babur ya jingine a zaure, ya lulluɓe shi da tamfol. A cikin tankin kuwa akwai mai wajen rabi, wanda mai babur ya sha ranar da abin ya faru. Mai karatu zai tuna a ran 29 ga Mayu, 2023 ne aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Saboda haka babu wanda ya yi tunanin tsiyaye man nan, sai ma aka ɗauke shi tamkar ajiya.

Wata goma sha huɗu babur ya yi a zauren nan, damina biyu ta same shi a wurin. A Agustan 2024 mai shi ya ajiye sanda, ya yaye tamfol, ya ga babur yana ƙyalli kamar sabo. Ya buga kik ya fi sau ashirin kafin inji ya amsa. Da ya amsa ɗin ma, ba ya zama sai an ja cok, in an mai da cok ya mutu. In ya ɗumama kuma, ya sake totur, sai inji ya ci gaba da ihu, ya daɗe bai sauko ba. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne, in ya yi tafiyar kilomita uku ko huɗu sai babur ya yi ta shessheƙa ya tsaya cik, in an huta kaɗan ya sake tashi. Sau biyu yana sauke fasinja a tsakiyar hanya, ana yi masa baƙar magana.

To, daga nan aka shiga ɗauki ba daɗi. Wannan ya ce fulogi ne, ya sake fulogi har sau biyu. Wancan ya ce kwayil ne, ya ci bashi ya saya. Na uku ya ce sai an sauke inji an sake fistin da zobensa. Wata tsohuwa a gidansu kuwa ta ce bakin mutane ne. Shi kansa zuciyarsa ta tsaya a kan abu guda: garejin da aka kai babur sun cuce shi, sun cire kayan kirki sun sa na banza, kuma ƙanensa ya yi sakaci, ko ma da saninsa. Maganar nan ta fita daga bakinsa a gaban mahaifiyarsu, ƙanen ya tashi ya fita bai ce uffan ba, ya daina shigowa gidan. Ana cikin haka wani dillali ya taya babur da kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, mai shi ya kusa sallamawa, don kuwa kuɗin makarantar yara ya matso.

Wani abokinsa ne ya ce kafin ya sayar ya kai wa wani tsohon bakanike, Bayarabe, a wajen Mokola, wanda ya ke jin Hausa kamar jakin Kano. Tsohon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya: yaushe aka faɗi, me aka sake, wata nawa babur ya yi a ajiye, da mai a ciki ko babu. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, inji abu huɗu ya ke nema: mai, da iska, da wuta, da matsi. Za mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sake abu uku a lokaci guda, ko babur ya gyaru, bai san abin da ya gyara shi ba.”

Ya fara da waɗanda ba sa cin kuɗi. Ya kwance fulogi ya jingina shi da jikin inji, aka buga kik, sai ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Wuta ta wanke kanta ke nan, ashe kwayil bai yi laifin komai ba. Ya toshe ramin fulogin da babban yatsa, aka sake bugawa, iska ta ture yatsan. Ya ce fistin lafiya lau ya ke. Amma ya nuna masa bakin fulogin ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa, alamar iska ta rinjayi mai. Lafiyayyen inji yana son wajen kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur, bisa ma'aunin nauyi, in iska ta zarce haka sai ya yi zafi ya rasa ƙarfi.

Da ya zare tiyon mai ya tara kwalba, abin da ya zubo ya yi ja kamar shayi, yana warin tsohon fenti, ga ɗigon ruwa da garin tsatsa sun kwanta a ƙasa. Fetur ba ya jure ajiya. Cikin 'yan watanni sassansa masu saurin kamawa da wuta su kan tsere cikin iska, saura ya yi kauri ya zama danƙo. Tankin da ba a cika ba kuwa yana shaƙar damshi, ƙarfen ciki ya yi tsatsa, balle a ƙasa mai laima irin Ibadan. Mai babur ya yarda cewa bai zubar da tsohon man ba, sabo ya yi ta ƙarawa a kai.

“Baba, ai da tsada na saye shi,” in ji shi.

Tsohon ya ce, “Ka lissafa kuɗin fulogi biyu da kwayil, ka ga wanda ya fi tsada.”

Aka wanke tanki, aka kwance kafireto. A cikinsa akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa da mai ke bi sa'ad da inji ke aiki a hankali, faɗinta bai kai rabin milimita ba. Danƙo ya toshe ta ruf, shi ya sa babur ba ya zama sai da cok, domin cok shi ne ke ƙara yawan mai a kan iska. Tsohon ya jiƙa ta, ya hura mata iska, ya ɗaga ta sama har ya hango haske. Ya hana yaronsa tsokana ta da allura, ya ce in ramin ya faɗaɗa babur zai zama mashayi. A akwatin matatar iska ma aka tarar zanzaro ya yi gini, aka fasa, aka sa sabon soso.

Babur ya tashi bugu ɗaya, amma ihun nan bai bari ba. Tsohon ya yayyafa ruwa a mahaɗar kafireto da kan inji, nan take muryar injin ta sauya. Da aka kwance, sai ga gaskit ɗin wurin ya tsage tun ranar faɗuwa, iska tana satar hanya ta nan. Saura guda. Ya ce a hau a zagaya, da babur ya tsaya a buɗe tanki. Aka yi haka, murfin ya yi tsaki, inji ya tashi nan da nan. Ashe fenti ya liƙe ƙaramin ramin numfashi na sabon murfin. In mai yana sauka iska ba ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe sauran, kamar kwalbar da aka kife a ruwa.

Watau cuta huɗu ce ta taru ta yi kama da guda: biyu daga faɗuwa da gyaranta, biyu daga zama. Babu wanda ya saci komai. Masu gyaran farko sun gyara abin da ido ya gani, ba su hau sun gwada ba, shi kuma mai babur ya ɗauka abin da aka lulluɓe ba ya lalacewa. Gaskiyar Hausawa da su ka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Duk abin da aka kashe a ranar bai kai kuɗin kwayil ɗin nan ba.

Kafin ya tafi tsohon ya yi masa gargaɗi: in za a ajiye babur fiye da wata biyu, a rufe makunnin mai, a tsiyaye kafireto, a cire batir, tankin kuma ko a cika shi fal ko a bushe shi sarai. In da hali a riƙa hawansa duk mako har inji ya ɗumama. Bayan hatsari kuwa kada a karɓi babur don fenti ya yi kyau, sai an yi tafiya mai nisa da shi.

Da yammacin ranar magidancin nan bai nufi Bodija ba, ko da ya ke yana bukatar kuɗi ƙwarai. Shagon ƙanensa ya nufa, ya tsaya a ƙofa bai kashe inji ba, ya yi sallama. Ƙanen ya fito ya saurari injin yana bugawa daidai wa daida. Wan ya ce, “Na zalunce ka, ka yafe mini.” Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Yaya. Allah Ya kiyaye gaba.” Ya rufe shago, ya hau baya, su ka nufi gida wajen tsohuwarsu.