Rawar sauro da magariba

Jama'a manoma da makiyaya, ga labarin wani dattijo na bakin tabkin Madarunfa. Kowace damana, in rana ta faɗi, yakan ga sauro sun taru bisa jujin bayan gidansa, sama da kan mutum kaɗan, suna hawa suna sauka kamar hayaƙi. Kafin duhu ya rufe sai su watse. Gobe kuma nan dai, wuri guda. Shekarar da masassara ta kama jikarsa har aka kwantar da ita likita, ya ce waɗannan ne suka cije ta. Ya hura wutar kara ƙarƙashinsu. Washegari suka dawo.

To, ba su ne suka cije ta ba. Taron nan kusan duka maza ne. Namijin sauro kuwa ba ya shan jini, ruwan furanni ne abincinsa. Biki suke yi. Mace takan shigo cikin taron, namiji ya gane ta da ƙarar fukafukanta, ya kama ta, su fita manne da juna. Galibi sau ɗaya ke nan a rayuwarta. Abin da ta karɓa tana ajiye shi, ya ishe ta duk ƙwan da za ta yi.

Daga nan sai neman jini, don ƙwanta ba ya ƙosawa sai da shi. Ita ce mai shiga ɗaki cikin dare. In ta ciji mai ciwo, ƙwayar cutar ta yi kwana 10 ko fiye cikinta, sai ta zuba wa mai lafiya. Ƙwai kuwa, 50 zuwa 200 take zubawa cikin ruwa kwantacce: ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun shanu bakin tabki, ko ruwan da ya tsaya cikin gonakin ban ruwa irin na Jiratawa.

Amma dattijon bai yi kure duka ba. A Burkina Faso, kwarin Ku kusa da Bobo Julaso, inda ake noman shinkafa, Abdulaye Jabate da abokan bincikensa sun bi irin wannan taro. Sun tarar wuri guda yake komawa shekara da shekara, bisa juji, ko rijiya, ko tarin itace. Mutanen gari suka bi taron suna fesa magani da maraice. Labarin da aka buga a 2017 ya nuna sauro ya ragu ƙwarai. Sai dai su gari guda suka tashi, ba mutum ɗaya da karansa ba.

Jikar ta warke. Dattijo ya sa samari suka cike ramin bayan gida, yara suka koma kwana cikin sange. Har yanzu in ya idar da sallar magariba yakan ɗaga kai bisa juji. Suna nan suna rawarsu.