Ashe Labulen Hoton Yana Kura!

Duk wanda ya taso a Kano kafin zuwan wayar hannu ya san labulen nan na shagon mai hoto: ƙaton ƙyalle da aka zana wa koriyar ciyawa da kogi da gidan bene, wani har da jirgin sama. Ranar Sallah a caɓa ado, a tsaya a gabansa, a fito kamar an je wata ƙasa. Yanzu waya ce ta karɓi aikin, ta goge katangar gidanku ta liƙa maka lambu. 'Yan siyasa na kafa ƙaton allo a bayan mumbari, masu fim na yawon neman wuri mai tsanwa don ɗaukar waƙa. Kowa dai da abin da yake so ya tsaya a bayansa.

To jama'a, na ga na gaskiyar da idona! Ba kuma a Turai ba, a nan Kura, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga birni a kan hanyar Zariya.

Watan Fabrairu ne, hunturu ya busar da komai, itatuwa sun yi furu-furu. Muna sauka daga kwalta muka bi gefen kanal, sai kawai ƙasa ta sauya launi. Alkama shar, iya ganinka! Can fangulan albasa, nan tumatir ya yi jawur, ga masara, ga balbelu sun baje fari fat. Haka muka yi ta keta gonaki har ɓangaren Bunkure, koren bai yanke ba. Wasu samari sun ajiye babur suna ɗaukar juna hoto, wallahi ban ga laifinsu ba, ni ma hannuna na rawa na zaro tawa wayar.

Amma wani abu ne ya tsayar da ni: shiru. Ruwa na gudu, babu ƙarar inji ko ɗaya. Na ƙarasa wajen wani dattijo da ke tsugune a bakin ƙaramin kanal.

"Baba, sannu da aiki. Ina injin da ke turo ruwan nan?"

Ya yi dariya. "Samari, gangara ce injinmu."

Sai ya ɗauki wani lanƙwasasshen bututu, ya nutsa shi cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya tsallakar da shi kan gaɓa ya saki. Ruwa ya haura da kansa ya kwarara cikin kunya! Na roƙe shi ya sake, ya sake.

Daga madatsar ruwa ta Tiga ruwan yake, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Ya biyo babban kanal, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, ya rabu gida-gida har ya iso kunyar wannan bawan Allah, da nauyin kansa kawai. A Kadawa aka fara gwajin wannan shirin noman rani, kashinsa na farko kuma an tsara shi ne a kan hekta 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da aka kafa a 1976. Wato wannan kyan da muke jingina da shi mu yi murmushi, mutane ne suka auna shi, suka haƙa shi, kuma kullum sai an tashi an sake yin sa.

Ba kuma cikin sauƙi ba. Ciyawar kacala na toshe hanyar ruwa, sai an shiga cikin laka an sare ta. A 2016, shekarar da kamfanin tumatir na Dangote ya fara aiki a Kadawa, tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir ƙurmus. Shekarar da aka tsira daga tsutsa kuwa, je ka kasuwar Kwanar Gafan ka ga kwanduna jibge a rana, farashi ya faɗi warwas. Can ƙasa ma, dausayin Haɗejiya da Nguru ya rage samun ambaliyar da masunta da makiyaya suka saba da ita tun da aka tare kogin a Tiga.

Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya fitowa a hoto, kuma abin ya tsaya min a rai. Ina ma a ce wani daraktan Kannywood ya zo nan ba don rawa da waƙa ba, ya juyo da kyamara kan masu gonar. Ga matan Kura da ke turara shanshera suna riƙe gidaje da ita. Ga 'yan dashe da ke yini a sunkuye cikin ruwa. Ga kuma rigimar da na fi son a fara da ita: mai gona a bakin kanal da mai gona a ƙarshen layi, ranar da ruwa ya yi ƙaranci, alkama kuma tana fitar da kai.