Da Baba Ya Ɗora Mana Zaɓen Na'urar Nuna Hanya

A gidaje da yawa yanzu, duk abin da yake da allo da caja aikin yara ne. Mu ake kira idan waya ta ƙi buɗewa, mu ake aike sayen data, mu ne kuma ake tambaya ko abu kaza yana da kyau kafin a fitar da kuɗi. Matsayin yana da daɗi, amma wani lokaci yakan zo da nauyin da ya wuce wasa. A gidanmu mu uku ne masu tasowa, biyu a sakandare, ɗaya a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma nauyin da ya faɗo mana shi ne zaɓa wa mahaifinmu na'urar da za ta riƙa nuna masa hanya a mota.

Baba direban haya ne. Ya daɗe yana lodi daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna, tafiyar sama da kilomita 400, kuma babu ramin da bai sani ba a hanyar. Muddin daga tasha zuwa tasha ne, ba ya buƙatar kowa ya nuna masa komai. Da ya fara karɓar shata ne lissafi ya sauya, domin mai shata ƙofar gida yake so a kai shi: wani layi a Gwarinpa, ko wani rukunin gidaje a Kubwa ko Lugbe, inda gidajen suke kama da juna kamar an buga su da injin guda. Awa ɗaya a neman gida na nufin fetur ya ƙone, fasinja ya ɓata rai, gobe ba zai sake kira ba. Daga wannan motar kuma kuɗin makarantarmu da cefanen gida suke fitowa. Shi ya sa da ya ce mana, "Ku yaran nan, ku nemo mini abin nan mai nuna hanya, amma kada ku kwaso mini tarkace," ba mu ɗauki maganar da wasa ba.

Abu na farko da muka yi shi ne fahimtar yadda abin yake aiki. GPS tsari ne na taurarin ɗan Adam mallakar Amurka, wanda aka ƙirƙira domin sojoji. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala cikakken aiki a 1995, sannan a shekarar 2000 aka daina rage masa inganci ga farar hula. Aƙalla taurari 24 ne ke zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon inda yake da ainihin lokaci. Da na'ura ta ji guda 4, za ta iya lissafa inda take, sau da yawa da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba idan sama a buɗe take. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma suna da nasu, kuma yawancin wayoyin yanzu suna sauraren fiye da ɗaya.

Wannan bayani ya warware mana abubuwa biyu. Na farko, jin taurarin kyauta ne, ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis. Taswirar da ake ɗora matsayinka a kai ita ce take buƙatar intanet, sai dai in an riga an sauke ta a cikin na'urar. Na biyu, na'urar nuna hanya daban, tiraka daban. Tiraka ana ɓoye ta ne a jikin mota da layin waya a ciki, domin mai mota ya san inda take idan an sace. Mutane da yawa suna haɗa su wuri guda, har wani ya sayi ɗaya yana tsammanin aikin ɗayar.

Da muka shiga kasuwa, zaɓi uku muka tarar. Akwai allon da yake zuwa a jikin mota. Motar wani maƙwabcinmu da aka shigo da ita ta Kwatano tana da shi, amma taswirar Amurka ce a ciki, sai ka ga kibiya tana yawo a fili babu titi ko ɗaya. Akwai kuma na'urorin da aikinsu ke nan kawai, irin su Garmin da TomTom, waɗanda ake samu na hannu a wurin masu kayan mota. Suna da ƙwari, allonsu yana ganuwa ko a rana, amma tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: taswirar wace ƙasa ce a ciki, kuma ta wace shekara? Wadda ta fito daga Ingila da taswirar Turai ba za ta kai ka ko Wudil ba sai an ɗora mata ta nan. Tsohuwar taswira kuma ba ta san gadar sama ta Dangi ko ta Hotoro ba, za ta yi ta neman shataletalen da aka daɗe da rushewa. Na uku ita ce wayar hannu da manhajar taswira, wadda take sabunta kanta.

Mun tsaya a kan waya, amma ba wadda Baba yake kira da ita ba. Wayar direba ba ta hutawa, kuma duk kiran da ya shigo zai rufe taswira daidai lokacin da ake neman kwana. Don haka muka nemi wata mai sauƙin kuɗi ta hannu, aikinta taswira kawai. Kafin mu biya, mun roƙi mai shagon ya bari mu fita da ita waje tare da yaronsa, inda babu rufin kwano, muka jira shuɗin ɗigon nan ya tsaya daidai inda muke. Mun duba ko bayanta ya kumbura, domin wannan alamar batir ya mutu ce. Mun danna *#06# lambar wayar ta fito, muka sa aka rubuta ta a rasit mai sunan shago da lambar mai shago. Wayar hannu marar rasit tana iya zama ta sata, kuma ranar da aka biyo sawunta, wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya. Da muka dawo gida muka sauke taswirar Kano da Kaduna da Abuja a Google Maps, yadda ko sabis ya ɗauke a daji za ta ci gaba da aiki. Sai dai a lokacin ba za ta nuna cunkoso ba.

Caja ma ba mu raina ta ba. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, ta manyan motoci irin tirela 24, waya kuwa 5 take sha ta hanyar caja ta yau da kullum. Caja marar ƙarfi sai ka ga waya tana jone amma cajinta yana raguwa, saboda taswira da hasken allo suna ci fiye da abin da ake ba su. Mun sayi mai ƙarfi da gajeriyar waya mai kauri, muka kai wa rewaya ya duba ramin caja da fiyus ɗinsa, kuma muka ƙi yarda a yanka wata waya a jona kai tsaye.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne wurin ɗora ta. Mariƙin waya kala uku muka gani: mai robar da take tsotsar gilashi, mai maƙalewa a bakin iskar esi, da mai mannewa a kan dashbod. Na bakin esi yana sanyaya waya, amma esin motar Baba sai ya ga dama yake aiki. Mai tsotsar gilashi yana da sauƙin cirewa, sai dai ƙura da zafin rana suna sa robar ta saki, kuma ba ta tashi faɗowa sai a kan gargada, ta gangara ƙarƙashin birki. Duk wanda zai yi amfani da shi, ya goge gilashin tas ya bushe kafin ya manna. Mu mun zaɓi mai mannewa, muka sa shi ƙasa-ƙasa a gefen sitiyari, inda ido zai kai ya dawo ba tare da juya kai ba, bai tare titi ba, bai kuma hau murfin jakar iska ta gaban fasinja ba. Jakar nan idan ta fashe a haɗari, duk abin da ke kanta jifa yake zama. Wayar caja kuma muka ɗaure ta yadda ba za ta harɗe giya ko ƙafa ba.

Ƙanwarmu ce ta kawo lissafin da ya kashe gardamar, daga darasin fiziks. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direban da ya kalli allo na daƙiƙa 2 ya yi tafiyar mita 56 ido a rufe, fiye da rabin filin ƙwallo. Baba ya saurara, ya ce, "To, ashe kuɗin makarantar ba a banza suke tafiya ba." Daga nan aka kafa doka: ana saka inda za a je kafin a tayar da mota, a ƙara murya, in kuma ana son gyara wani abu sai an faka. Dama Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta haramta taɓa waya ana tuƙi. Muryar da Turanci take magana, amma kalmomin ba su wuce hagu, dama, miƙe da shataletale ba, kuma a dare ɗaya Baba ya haddace su.

Saura kariya, kuma a ƙasarmu maƙiyan na'ura biyu ne: rana da ɓarawo. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 60. Kamfanin Apple ma ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran kuma ba su yi nisa da haka ba. Waya tana caji, allo yana haske, taswira tana aiki, ga rana ta gilashi: zafi huɗu ke nan a wuri guda. Shi ne yake kumbura batir, ya sa waya ta kashe kanta a tsakiyar tafiya. Saboda haka idan caji ya cika Baba yakan cire, idan ya faka kuma ba ya barin ta a ciki, ko da a akwatin gaba. Da hunturu mukan share ramin cajinta da busasshen buroshi mai laushi, don ƙura tana toshe shi.

Ɓarawo kuma alama yake bi. Mariƙi a tsaye babu waya, wayar caja tana lilo, ko zoben da roba ta bari a gilashi, duk suna gaya masa akwai abin ɗauka a ciki, kuma gilashin da zai fasa yana iya fin wayar tsada. A cunkoso, wayar da ke kusa da buɗaɗɗiyar taga hannu ɗaya ya ishe ta. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya zama a garuruwanmu, wani lokaci har da makami. Shi ya sa ba mu sa manhajar banki ko hoton kowa a cikinta ba, ba mu kuma ajiye ƙofar gidanmu a matsayin "gida" ba, sai wata mahaɗa da ke kusa. Mun yi haka ne domin in ranar ta zo, Baba ya sakar musu ba tare da ja-in-ja ba. Waya ana sake saye.

Akwai abin da Baba ya fi mu sani, kuma shi ya fi duk waɗannan muhimmanci. Na'ura tana lissafa hanya mafi kusa ko mafi sauri, ba ta san wadda ake tare mutane ba. Ba ta san labarin hanyar Birnin Gwari ba, ba ta san ƙarfe nawa direbobi suke daina bin wani daji ba, ba ta san gadar da ruwan jiya ya cinye ba. Sunayenmu ma suna ruɗa ta. Akwai Tudun Wada a Kano, da Zariya, da Kaduna, da Jos, da Gusau, haka ma Sabon Gari, don haka dole a duba gari da jiha kafin a danna tafiya. Ya fi sauƙi mai shata ya turo matsayin gidan ta WhatsApp. Tsakanin gari da gari kuwa Baba ba ya barin babbar hanyar da ya sani don allo ya nuna masa yanke. Idan sabuwar hanya ce, a tasha yake tambaya, wurin direbobin da suka fito daga can da safe. Matambayi ba ya ɓata, kuma har yanzu ba a ƙera na'urar da ta soke wannan magana ba.

Aikin ya kuma nuna mana wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Da muka nemi unguwarmu a taswira, babban titi ne kawai ya fito da suna, lungunan duk babu. Ke nan ranar da aka kira motar asibiti ko ta kashe gobara, sai dai a koma ga "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi". Akwai taswirar OpenStreetMap da aka fara a 2004, wadda kowa zai iya buɗe asusu kyauta ya ƙara titi ko wuri, Google Maps ma tana karɓar gyara daga masu amfani da ita. Wannan aiki ne da ƙungiyar ɗalibai za ta iya ɗauka tare da malamin jogurafi, da waya ɗaya da ranar Asabar guda, ba tare da sa gidan kowa ko sunansa ba. Mu mun fara da layinmu: makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, famfon unguwa da masallaci. Mako mai zuwa za mu shiga layi na biyu.