Zango a Bakin Mbali

Duk wanda ya zauna a Miskine ko Kilomita Biyar a shekarar 2014 ya san lokacin da Musulmin Bangui ba ya fita unguwa sai da fargaba. Boali kuwa, a cocinta Musulmi suka fake a wannan shekara. Saboda haka da ƙungiyarmu ta masu tafiyar ƙasa ta shirya kwana a dajin can, iyaye da dama suka hana 'ya'yansu. Ban ga laifinsu ba.

Mota ta sauke mu nesa da gari, muka kutsa cikin ciyawa har la'asar sakaliya. Rugugin ruwan Mbali, mai faɗowa daga tsayin kusan mita 50, ya riga ganinsa iso mana.

A nan kalmar zango, da na saba gani a littafi, ta zama zahiri: wurin da ayarin fatake ke sauke kaya, a hura wuta, madugu ya raba gadi. Nawa gadin ya faɗo tsakar dare, sauro bai bar ni gyangyaɗi ba.

Da asuba wata dattijuwa ta kawo mana dafaffen rogo, muka gaisa da Sango. Ba ta tambayi unguwarmu ba.