Faffaɗar Taya Da Ran Fasinja



Mu da muka taso a garuruwan da akori-kura ce motar kasuwa, ita ce ta kai mara lafiya asibiti, ita ce kuma ta kai amarya, muna da haƙƙin yin magana a kan abin da ake yi wa ƙafafunta na baya.

Yayi ne yanzu a cire ƙaramar taya a sa faffaɗa. Ba mu ga laifin direbobinmu ba, domin faffaɗar taya, musamman idan an rage mata iska, ba ta saurin nutsewa a yashi. Amma lambar farko da ke jikin taya faɗinta ne a milimita. Wanda ya bar 205 ya koma 265 ya ƙara milimita 60, kuma dole a nema musu wuri. Sai a yanke madigadi, a sa faranti tsakanin wili da aksil don taya ta fito waje, a ƙara ganyen sifirin, wani lokacin har a yanka casis a yi masa walda.

Kowanne da kuɗinsa, kuma ba a gareji ake gama biya ba. Tayar da aka turo waje tana ƙara wa boris da notuna wahala. Ƙarin sifirin yana ɗaga bayan mota, lodi ya yi sama, ta riƙa rinjaya a kwana. Casis kuwa, idan aka yi masa walda ba tare da ƙarfen tallafi ba, daga gefen waldar yake fara tsagewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ruɗin ido. Da zarar mota ta daina durƙushewa, sai a ɗauka ta ƙara ƙarfi. Alhali irin su Hilux kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, wato buhun masara goma mai kilo 100. Mu kuwa mun sha ganin an ninka haka a hanyar Dawanau, ga mutane a kan buhuna. Sifirin ya ƙaru, birki yana nan yadda yake. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma rigakafi ya fi magani.

Roƙonmu ga iyayenmu direbobi da bakanikai kaɗan ne. A duba lambar nauyi da ke jikin taya: 100 tana nufin kilo 800, 110 kuma kilo 1,060. A gwada da lodi a tabbatar taya ba ta gogar sifirin ko tiyon birki. A sake ɗaure notuna bayan tafiyar farko. A riƙa leƙa inda aka yi walda.

Mu ne ke zaune a bayan nan ranar kasuwa, mu da iyayenmu mata da ƙannenmu. Allah Ya kiyaye hanya.