Tsohuwar Mota a Hanyar Fassi

'Yan'uwana mata, ku ji abin da ya same ni. Maigidana ya sayi tsohuwar Kombi da araha, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, wai mun sami ɗaki mai tafiya. Muka tasam ma Fassi, ƙasar Kibiya, za mu biki. Ita motar injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Muna wuce duwatsun Rano fambel ya tsinke, ta tsaya cik. Bakanike ya ce tun 2013 aka daina ƙera irinta, sai a koma Kano, Ƙofar Ruwa, neman kayanta. Kwana biyu muka yi a gindin ɗorawa. Kuɗin gudummawata kaf suka tafi gyara. Katifar kam ta yi rana, amma aka kai amarya babu mu.