Feleg: Sunan da Ya Riƙe Labarin Rabuwa

Yawancin masu karatu kan tsallake jerin salsala a tsofaffin littattafai, domin wane ya haifi wane ba ya jan hankali. Ni kuwa, da yake nazarin harshe ne sana'ata, a nan nake rage sauri. Akwai wani suna a sura ta 10 ta Littafin Farawa, wato littafin farko na Attaura, da nake so ɗaliban Hausa su tsaya a kansa: Feleg ɗan Eber. Ba a ba da labarin wani yaƙi da ya yi ko wata magana da ta fito daga bakinsa ba. Abin da aka faɗa a aya ta 25 kawai shi ne an sa masa wannan suna saboda a zamaninsa ƙasa ta rabu.

Wanda ya karanta ayar da Hausa zai iya tambaya: mene ne haɗin Feleg da rabuwa? A Ibrananci haɗin a fili yake. Kamar Larabci, harshen yana gina kalmominsa bisa saiwa mai baƙaƙe uku, kuma saiwar p-l-g tana nufin tsagawa ko rabawa. Sunan da aikatau ɗin da ya biyo shi daga saiwa ɗaya suka fito, don haka kunnen Ba'ibrane yana jin dalilin tun kafin a gama jimlar. Mai fassara kuwa ya fassara aikatau ya bar sunan yadda yake, sai igiyar da ta ɗaure su ta tsinke. Ko sautin ma bai tsira ba. Asalinsa Peleg ne, amma da yake Hausa ba ta bambanta p da f, ya zama Feleg. Larabci ma ba shi da p, shi ya sa a salsalar Annabi Ibrahim da Ibn Hisham ya kawo a littafinsa na Sira ake samun Falikh ɗan Aibar.

Wace rabuwa ake nufi? A nan ne malamai suka yi saɓani. Mafi shaharar ra'ayi shi ne rabuwar harsuna a hasumiyar Babila, wadda labarinta ya zo a sura ta 11. Malaman Yahudawa suna kiran mutanen Babila da sunan da ke nufin zuriyar rabuwa, daga wannan saiwa dai. Littafin Yubili, wani tsohon rubutun Yahudawa, ya ɗauka cewa rabon ƙasa ne tsakanin ƴaƴan Nuhu. Wasu kuma sun lura cewa peleg a Ibrananci yana nufin magudanar ruwa, kamar palgu a harshen Akkad na tsohuwar Iraƙi, da falaj a Larabci, sunan da har yau ake kiran hanyoyin ban ruwa na ƙasar Oman da shi. A ganinsu, ayar tana tuna lokacin da aka tsattsaga ƙasa da magudanai don noma.

Akwai kuma rabuwar da ke cikin jerin kansa. Eber ƴaƴa biyu aka ambata masa, Feleg da Yokatan. Sura ta 10 ta bi Yokatan da ƴaƴansa 13, cikinsu har da Sheba da Hazarmawet, sunan da ake dangantawa da Hadramaut ta kudancin Larabawa. Masu nasabar Larabawa da dama sun ce Yokatan shi ne Ƙahɗan. Sura ta 11 kuwa ta bi Feleg, daga shi sai Reyu, Serug, Nahor, Tera, sannan Ibrahim. Ke nan a daidai sunan da ke nufin rabuwa ne salsalar ta yi rassa biyu. Tsawon rai ma ya karye a nan: a nassin Ibrananci Eber ya shekara 464, ɗansa Feleg 239.

Matsalar da ta fi jan hankalina ita ce ta lokaci. Yaya za a sa wa jariri sunan abin da zai faru a zamaninsa? Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya ce an haife shi ne daidai lokacin da al'ummai suka warwatsu. Littafin Seder Olam kuwa ya ajiye rabuwar a shekarar mutuwarsa, don haka malaman da suka bi wannan lissafi suka ce Eber annabi ne, ya hango abin tun ranar suna.

A nan nake ganin ɗalibin Hausa yana da abin da zai kawo. Mun saba da sunan da ke riƙe da yanayin haihuwa: Azumi a watan Ramadan aka haife ta, Nomau lokacin noma, Gambo bayan tagwaye, Tanko bayan ƴaƴa mata. Mun kuma san bambancin sunan yanka da laƙabi, mun san laƙabi kan zo daga baya ya danne sunan yanka har jikoki su manta da shi. Ban ce Feleg laƙabi ne ba, domin nassin bai faɗa ba. Amma wanda ya tashi cikin wannan al'ada ba zai ga dole sai an zaɓi tsakanin ranar haihuwa da annabci ba.

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma linzamin da ba a san inda aka ɗaura shi ba ba ya juya doki. Abin da ya sami Feleg a hannun masu fassara yana samun namu sunayen idan aka rubuta su a rajistar Faransanci ko ta Ingilishi, inda Nomau yake zama sauti kawai. Saboda haka duk wanda zai fassara salsala, ta Ibrananci ce ko ta gidan sarautar garinsu, ya kamata ya bar sunan yadda yake, sannan ya ajiye ma'anarsa a gefe don mai karatu.